Fuskar Yelwa a Ruwan Fadama

Duk wanda ya taɓa yin suna ko biki a Haɗeja ya san Malam Shu'ibu mai hoto, dogon Bafulatanin nan da iyayensa suka bar kiwo suka zauna a gari. Sana'ar a hannun Malam Bitrus ya koye ta, wani malamin makaranta ɗan Filato. Shi ya koya masa cewa rana a bayan mai ɗauka take zama. Kada a dasa mutum a tsakiya kamar turke, a ɗan matsar da shi gefe. In a bakin kogi ne, a daidaita ruwan kada ya karkace kamar zai zube. Uwa uba, a dubi mutum ido da ido kafin a danna.

Shu'ibu ya haddace duka, har ya fi malamin nasa tsanani. Yakan sa ango ya yi ta matsawa cikin rana har babbar riga ta jiƙe, wai a hoton giginya ta tsiro masa a ka. Masunta in sun hango shi da kyamara sai su ce ga mai gyaran kogi nan ya iso.

Amma gwanin nan akwai wadda ta gagare shi, 'yarsa ta fari, Yelwa. Kunyar ɗan fari ta hana shi kiran sunanta, balle ya ƙura mata ido. "Yarinyar nan" yake ce mata. Da ta tsaya a gabansa sai kansa ya sunkuya, kyamarar ma ta bi shi ƙasa. Tun tana tatata har ta zama budurwa, hotunanta duk ƙafafu ne da bakin zane. Matarsa Fanna takan ce, Allah ya kiyaye, in Yelwa ta ɓata sai dai a yi cigiyarta da takalmi.

Ana nan sai Yelwa ta sami gurbin karatun jinya a Jos. Abin ya tsaya wa Shu'ibu a rai ƙwarai, don za ta tafi ba shi da fuskarta ko guda da ya ɗauka da hannunsa. Bitrus ya ce ya kawo ta ya ɗaukar masa hoton, Shu'ibu ya ƙi fafur.

Ana gobe tafiya, da la'asar, suka je fadama har da Fanna, don Yelwa ta yi wa kawunta sallama a gonar shinkafa. Ta tsaya a tsallaken wani ruwa da kogi ya bari kwance. Shu'ibu ya ɗaga kyamara da niyyar yau sai ya daure, amma ina, kai ya sake sunkuyawa. Can ƙasa sai ya ga fuskarta tar a cikin ruwan, tana yi wa uwarta dariya. To, al'ada dai ba ta hana mutum kallon ruwa ba. Ya daɗe yana kallo kafin ya danna.

Hoton ya fito kai a ƙasa, sai ya juya shi ya rataye a shago. Bitrus ya zo ya duba, ya ce a karon farko ya kama ɗalibinsa da laifi: ruwan ya karkace.

Shu'ibu bai yi musu ba. Ya goge gilashin hoton da hannun riga.

"Bar shi haka, Malam," in ji shi. "Ashe yarinyar nan da marigayiya mahaifiyata take kama."