Yatsun Kaka da Gyaɗar Kumandan

Yau da safe yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, sai na tuna kakata. Ciwon gaɓɓai ya kama ta a Yekuwa, zamanin Nasara. Don tausayi muka hana ta aiki, muna ɗura mata romo mai kitse, hannuwan suka ƙara ƙagewa.

Ran da gardi, ɗan sandan Nasara, ya ce ko mu ɓare gyaɗa mu cika buhun Kumandan, Baturen mulki, kafin la'asar, ko ya tafi da Baba, sai ta daka mini tsawa: "Ke, kawo ruwan ɗumi! Tausayinku zai kashe ni."

Ta jiƙa yatsun, ta shiga cikinmu tana ɓara, tana cije leɓe, har buhun ya cika. Daga ranar ba ta sake kwanciya ba, sai aiki da kwaɗon zogale.

Allah ya miƙe mata yatsun nan a Aljanna.