Jan Biro a Kan Murabus ɗin Sarkin Rum

Ina koyarwa a Gusau, cikin shekarun alif ɗari tara da hamsin, wani ofishin buga littattafai ya ƙudiri haɗa ɗan kundin sani da Hausa saboda azuzuwan yaƙi da jahilci. Kowane malami a ba shi batu guda ya rubuta shafi biyu. In ya gama, sai a tura wa wani malamin ya duba, ba tare da marubucin ya san wane ne ba. Abin da mai dubawa ya ce, shi ke nan.

Wata Laraba ambulan ya iso mini. Tun kafin in gama layin farko na gane hannun. Malamina ne na elementare, wanda a lokacin yake koyarwa a Bungudu, saura masa shekara guda ya ajiye aiki ya koma gida Tsafe. Shekara da shekaru yana riƙe da alli, bai taɓa ganin kalma ɗaya tasa a buge ba, kuma kowa ya san abin yana cin ransa. Ya sha faɗa mana cewa yana so jikokinsa su buɗe littafi su ce, nan kakanmu ne.

Batunsa wani sarkin Rum ne na dā. Malam ya rubuta cewa sarkin nan, bayan ya daɗe yana mulki, ya tara jama'a ya ajiye sarauta don kansa, ba wanda ya kore shi, ya koma ƙasarsu yana noman kabeji. Har da aka je roƙonsa ya dawo, ya ƙi.

Na yi dariya ni kaɗai a ofis. Haba! Kalmar Turancin da ake faɗa wa wannan abu na san ta, an koya mana ita a kwaleji da cewa murabus ce. To, mu nan wa bai san murabus ba? In ka ji an ce hakimi ya yi murabus, ai kiransa aka yi aka ce ya sauka da girmansa kafin a sauke shi. Tuɓewa ce aka sa mata riga. Ban taɓa jin mai rawanin da ya kwance shi don raɗin kansa ba, saboda haka na yanke cewa Malam bai fahimci Turancin ba, ya cike gurbin da tatsuniya.

Akwai babban littafin tarihi a kabad ɗin makaranta, taku goma daga kujerata. Wallahi ban tashi ba. Ina da shekara ashirin da 'yan kai, ga sabon keke, ga satifiket, kaina ya kumbura. Na ɗauki jan biro na bi shafin. Duk inda ya sa "yat tashi" na mai da shi "ya tashi", duk "sunka" ta koma "suka". Wannan da sauƙi. A ƙasa na rubuta: "Marubucin ya rikita murabus da son rai. Tuɓe sarkin aka yi. Bai dace a buga ba." Har na ja layi biyu, don iyayi.

Ofishin suka ce to, tunda na fi sani, in rubuta nawa. Na rubuta cikin yini ɗaya.

Bayan 'yan makonni Malam ya shigo Gusau ranar kasuwa, ya biyo gidana a Tudun Wada. Muka zauna a zaure, aka kawo fura. Ya zaro takardar da ofishin suka aiko masa daga aljihu, an buga hukuncin da tafireta, babu suna.

"Ɗana, duba min nan. Mi ag gaskiya? Ni dai haka nig gane shi, kuma sau ukku ina karantawa."

"Allah gafarta Malam, Turanci ne, wuya gare shi," in ji ni.

"Haka na," ya ce. "Wanda ad duba, Allah shi saka mishi. Da na koya ma mutane ƙarya."

Ya shanye furarsa, ya sa mini albarka, ya tafi neman motar Bungudu.

Sai da kundin ya fito na buɗe kabad ɗin nan, ba ma don wannan ba, wani abu nake nema. Na ci karo da sarkin a littafin tarihin nan. Ya sauka da kansa. Kabejin ma yana nan. Na karanta a tsaye. Na rufe littafin na mayar, kamar ɓarawon da ya ji motsi. Na ce zan rubuta wa ofishin. Na ce bari a yi hutu tukuna. Kunya ce da girman kai, ba wani abu ba, kuma har yau in na tuna sai in ji na tsani yaron nan da nake a lokacin.

Da kaka na daure na hau keke zuwa Tsafe, da niyyar in durƙusa in faɗa masa komai. Aka ce yana ajin manya, don ko da ya ajiye aiki bai iya zama ba. Na same su bayan la'asar a wata rumfar zana, manoma da Fulani biyu, kowa da fensirinsa. Kundin yana hannunsa, kuma shafina ya buɗe. Na tsaya daga bakin rumfar.

Yana karantawa a hankali, yana bin layi da yatsa: "Sai aka tuɓe shi, aka kore shi zuwa ƙauye."

Wani dattijo, wanda ya ji labarin daga bakinsa tun lokacin da yake rubuta shi, ya ɗaga hannu. "Malam, ba kai kac ce muna da kai nai yas sauka ba?"

"Ni nic ce," in ji Malam. "Kuskure niy yi. Wanda yaf fi ni sani ya gyara. Ku rubuta yadda shike ga littafi."

Suka sunkuya suna rubutawa. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe, ya ce su tashi su gaida ɗalibinsa, babban malami daga Gusau. Suka tashi duka. Na amsa gaisuwar, na kwana gidansa, na ci tuwonsa, da safe na hau kekena ban faɗa ba. Bayan damina biyu ya rasu.