Hannun da Meshach Zai Karɓa

Duk mai sayen bandar kifi a kasuwar Kado ya san Mama Serah, ya kuma san keken guragun da ke inuwar rumfarta. A ciki ɗanta Meshach yake wuni. Ciwon shawara ne ya kama shi yana jariri, ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Yanzu ya haura talatin, ga gemu, amma bai taɓa takawa ba, bai taɓa furta kalma ba. Tun rasuwar mijinta, ita ke yi masa wanka, ita ke juya shi a shimfiɗa, ita kaɗai ke bambance kukansa na yunwa da na ciwo.

Wata safiya ta sunkuya za ta ɗauko shi daga wanka, sai bayanta ya riƙe. Suka zube tare a kan siminti. Tana kwance ta kasa motsi, shi kuma yana rawar sanyi a gefenta, har maƙwabciyarta Mariya ta jiyo kira ta shigo. Likita ya hana ta ɗaukar nauyi. Wannan bai dame ta ba kamar yadda Meshach ya ƙi cin abinci daga hannun kowa a kwanakin jinyarta.

Ta aika aka kira 'yarta Kindness da ke aure a Kuje. Ta daɗe tana kauce wa maganar wanda zai karɓi kula da Meshach, don gudun ɗora wa yarinyar nauyi a gidan miji. Kindness ta zo da mijinta Abednego, ya ce sun riga sun yanke shawara, zai faɗaɗa ƙofar ɗakin baya yadda keke zai shige.

"Na gode, ɗana," in ji Serah, "amma ba ɗaki ne damuwata ba. Ranar da babu ni, daga hannun wa zai ci?"

Daga nan Kindness ta riƙa zuwa duk Asabar. Uwar ta nuna mata yadda ake tallafe kansa, da yadda ake jira ya haɗiye kafin a ƙara cokali. Meshach ya datse haƙora, idonsa na kan uwarsa. Ran nan Kindness ta ajiye kofin kunu ta ce, "Mama, muddin yana ganinki ba zai karɓa ba. Sai kin fita."

Serah ta fita ta zauna bayan katanga tana jin kukansa. Duk sanda ta yunƙura za ta koma, Mariya ta riƙe mata gefen zani. Sai da damina ta wuce kafin ya fara buɗe baki.

Da Kirsimeti ya yi makonsa na farko a Kuje. Ya dawo da ɗan gyambo a kwankwaso, saboda ba a juya shi yadda ya kamata ba. Kindness ta sunkuyar da kai tana jiran faɗa. Serah ta wanke wurin, ta kira Abednego ta sa hannunsa inda take sa nata, suka juya shi tare. Da wata ya kama, ta sake haɗa wa Meshach kayan tafiya Kuje.