Ranar da Gwajin Jini Ya Sauya Masu Shi

Akwai wata Litinin da har gobe ba ta fita raina ba. Lokacin ina aikin gwajin na'ura a wani kamfani mai asibitoci masu zaman kansu a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa.

Bari in fayyace wa sababbin ma'aikatanmu. Abin da ke gaban ma'aikacin labo, wato ɗakin gwajin jini, allo ne da madannai kawai, ba shi da ƙwaƙwalwar kansa. Duk abin da ya buga, babbar na'urar da ke hedkwata ce ke karɓa ta amsa. Aikina shi ne in naɗi yadda ma'aikaci ke bugawa, har da ɗan jinkirin da yake yi yana duba takarda, in sa ordinatar ɗaya, wato kwamfuta, ta yi ta maimaitawa kamar ma'aikata ne da yawa. Babbar na'ura ba ta bambancewa. Ana yin haka a kan kwafin shirin da ke cikin babbar na'urar, da majinyata na ƙarya, sai a gwama amsar da ta fito da wadda ake jira.

Shekara da shekaru ana gwadawa da allo ɗaya a lokaci guda, komai lafiya. Ranar nan shef ɗinmu, wato shugaban sashenmu, Malam Isufu, ya ce in yi ta ƙara alluna har su kai cunkoson ranar kasuwa, don za a buɗe sabon reshe.

Ina ƙarawa, sai na ga sukarin jinin wani majinyacin ƙarya na Tibiri ya faɗa kan sunan wani na Jiratawa. Na ce ko ni na kuskure. Na sake, ya sake. Duk sa'ad da alluna biyu suka aika a tare, sai sakamako ya yi musanya.

Na kira shef. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, "Rabi, wanga shiri da kike gwadawa, ba shi ne ke aiki a labo yanzu ba?"

Na ce, "Shi ne, shef."

Ya dafe kai yana salati. Ni kuwa na kasa ko kashe gwajin.

Nan take muka sami babban likita, Dokta Sani. Bai tsaya neman mai laifi ba. Ya sa kowane reshe ya koma rubutun hannu, aka shiga kiran waɗanda aka auna a ranakun cunkoso, a sake auna su.

Yawancinsu daidai suka fito. Amma aka sami wata tsohuwa a Tibiri tana ta shan maganin sukari, alhali ba ta da shi. Mai ciwon na gaskiya wani manomi ne a Jiratawa, Malam Hamisu, wanda aka sallama da cewa lafiyarsa lau. Na bi likita muka tafi. Muka iske shi bakin garkarsa ta albasa, ƙafa ɗaure da tsumma, ƙuda na bi.

Dokta ya kwance, ya duba, ya ce, "Baba, mi ya hana ka komo?"

Ya ce, "Ai ku kunka ce injinku ya duba, babu komi. Ni wa, da zan yi gardama da inji?"

Na juya baya don kada ya ga idona. A ranar muka kawo shi Maraɗi. An ceci ƙafar, amma yatsu biyu sun tafi. Masu rubuta shirin suka gyara, na yi ta gwadawa da cunkoso fiye da na kasuwa kafin in yarda.

Abin da na koya shi nake gaya muku. Na'ura ba ta nuna halinta sai an matsa mata, don haka kada ku gwada ta cikin sauƙi ku ce ta ci. Mutanenmu ba sa musu da abin da ta faɗa. Musun nan aikinmu ne, kuma kafin ta kai gare su ake yin sa.