Tafin Hannu a Katangar Gidan Haya

Shekara ashirin da biyu Mai Tayil ya yi a durƙushe yana ƙawata banɗakin masu kuɗi, har gwiwarsa ta ce ta gaji. Bai taɓa shiga ajin zane ba. Da ragowar siminti da fasassun tayil ya koya wa kansa, bayan ya ɓata buhu ya fi goma. Da ya dawo zaman gida sai ya tasa katangar tsakar gidan hayarsu a gaba. Ɗaki sha takwas ne, famfo ɗaya, kuma ba a haɗuwa sai wajen faɗan layin ruwa.

Yakan zuba kwaɓi a ɗan akwatin katako, ya shafa wa mutum mai a tafi, ya danna hannun ciki, ya ɗaga. In ya bushe ya kewaye shi da tayil kala-kala, ya liƙa a katanga. Kafin wata guda, direban da ba ya amsa gaisuwa yana tsayawa neman nasa hannun, matan da ke gaba da juna suna zaune kan tabarma ɗaya suna fasa masa tayil.

Goggo mai ɗinki ce kaɗai abin bai kwanta mata ba. Ta lura yana sa ƙusa ya karta lambar ɗaki a ƙarƙashin kowane hannu. Lambar ɗaki ta mece ce? Takardar haya ta ce manya biyu a ɗaki, ita kuwa ban da 'yarta budurwa, wata bakwai ke nan tana ɓoye yayanta a bayan labule, ɓarin jikinsa ya shanye. Ranar da wakilin mai gida ya sani, waje za a yi musu da kaya. Kuma sau biyu tana ganin Mai Tayil yana washe baki da wakilin nan.

Ran Asabar da hantsi ya zo ƙofarta.

"Goggo, saura ku. Kwaɓi ba ya jira."

Ta danna tana harararsa, 'yarta ma ta danna. Sai ya turo akwati na uku, ya rage murya.

"Bango ɗaya ne tsakaninmu. Ina jin tarinsa."

"Rediyo ce," in ji ta.

"Rediyo mai cewa a miƙo ruwa?"

"Malam, kwashe kayanka."

Daga bayan labule aka ce, "Auta, ai hannuna na dama yana aiki." Goggo ta haye keken ɗinkinta ta dinga takawa ba ko ƙyalle a kai, har Mai Tayil ya gaji da tsayuwa. Kwaɓin ya daskare a akwati.

Ranar da aka gama katangar, wakili ya zo. Goggo ta kafa wa bakinsa ido ko zai motsa da ƙidaya. Ya duba sama-sama, ya yi mitar simintin da ya toshe kwata, ya tafi abinsa. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, don ana iya ƙirgawa a zuci.

Da yamma yayan ya ce a jingina shi da taga. Tsakar gida ta cika, kowa na ɗora tafinsa a gurbinsa ana shewa. Ya daɗe yana bin katangar layi-layi.

"Har da jaririn ɗaki na huɗu," ya ce.

"Yaya, rufin asirinmu nake nema."

"Na sani, Auta. Ashe dai ni ban taɓa zama gidan nan ba. Mayar da ni ciki."