Ƙishirwa a Filin Tubali

A bazarar da ta biyo bayan samun mulkin kai, ranar kasuwar Gazawa, aka fito da mu 'yan lakol, wato makarantar boko, yin tubalin gina aji. Wai tunda ƙasa ta zama tamu, ajin zana bai dace da mu ba. Tun hantsi muke cuɗa laka da ƙafa, wasu na ɗebo ƙaiƙayi, 'yan mata na jido ruwa daga rijiya, dattawan gari kuma na zaune gindin bishiyar bedi suna ba da shawarar da ba wanda ya nema. An girke tulunan sha a inuwa, yara na ta rububi a kansu. Ni ko kallon wajen ban yi ba, alhali harshena ya zama kamar busasshen ƙirgi.

Dalili kuwa, ni ɗan ruga ne. Ardo ne ya ɗora wa Baffa, mahaifina, ba da yaro ɗaya ga lakol, sai ya kawo ni gidan wani Bahaushe mai sayen shanunsa. A wurinmu namiji ba ya ci ba ya sha a idon jama'a, balle gaban manya ko mata. Da zai tafi bai dube ni ba, don ni ne ɗan fari, ko sunana ba ya kamawa. Sandarsa ya kalla ya ce, "Ran da na ji an ga maƙogwaronka na motsi gaban mutane, kada ka nemi hanyar ruga." Ban kai shekarun sanin cewa manya kan ƙara wa magana gishiri ba. Na haɗiye ta ɗanya, ga shi ba abin da nake ƙwallafa rai a kai kamar hutu ya zo in ga innata da maruƙanmu.

Haka na zauna. In an zuba wa yara tuwo, sai in ɗebi nawa in zagaya bayan rumbu. Inna Hajo, matar gidan, takan yi mini tsiya, "Ɗan Fulani, kai iska kake ci?" Ruwa kuwa sai da asuba kafin gida ya tashi, in cika ciki dam, sannan in share garke, in yanko wa jaki ciyawa, in je lakol, in yi langa da yara, duk a kan wannan ruwan har rana ta faɗi. Ranar tubali sai aka yi rashin sa'a. Baƙin kasuwa sun kwana a gidan, tsofaffin mata sun shimfiɗa tabarmi daf da randa. Na yi ta zagaye kamar mai neman allura, na gaji na tafi haka.

Wajen azahar zufa ta daina zubo mini, ni da wautata har murna na yi, na ce jiki ya saba. Kaina ya shiga sara, filin ya fara juyawa. Ban san sauran ba. Na farka a inuwa, kaina bisa cinyar mushe, wato malaminmu, an tuɓe mini riga ana yayyafa mini ruwa, bakina kuma cikin ƙwarya. Ba sha nake ba, zuƙa nake da ƙara, ruwa na bin haɓata, na ƙanƙame ƙwaryar kada a ƙwace. 'Yan mata na kallo, dattawa na kallo. Da na ɗaga ido sai ga Baffa tsaye bayan mutane da malafarsa. Ashe ya kawo bijimi kasuwa, aka gaya masa ɗansa ya faɗi. Na so ƙasa ta tsage in shige. Abin da ya fi ci mini rai, ina kallonsa amma hannuna ya ƙi sakin ƙwaryar.

Mushe, wanda ke zane mu in mun yi Hausa a aji maimakon Faransanci, ranar da Hausa ya yi magana. Ya tsunkuli fatar bayan hannuna, ta tsaya cak ba ta koma ba, ya ɗaga hannun ya nuna wa kowa. Ya ce jikin mutum ƙananan ɗakuna ne irin na saƙar zuma, ido ba ya ganinsu, kowanne da ruwa a ciki. Su ke haɗuwa su zama fata, su zama tsoka, su zama jini. Jiki ba ya yarda zafinsa ya wuce inda ya saba, shi ya sa yake fitar da zufa ya huce, yadda tulu ke naso ruwansa ya yi sanyi. In ruwa ya yi ƙasa, ƙoda ta riƙe fitsari, jiki ya ɗebi na cikin ɗakunan, daga nan zufa ta ƙafe, jini ya kasa isa kai. Har launin fitsarina ya tambaya a gaban 'yan mata. Da ya ce me ya hana ni sha, Inna Hajo, wadda ta zo a guje, ita ta amsa, "Kunya ce, mushe. Tun da ya zo ban taɓa ganin ya kai ƙwarya baki ba."

Baffa ya ratso mutane. Na sunkuyar da kai, na ce shi ke nan, ni da ruga sai labari. Ya tsuguna, ya zare ƙwaryar daga hannuna, ya tsoma ta a tulu. Mutumin da ko innata ba ta taɓa ganin ya haɗiyi ruwa ba, ya kafa kai ya sha a gaban dattawa da mata da yara, a hankali, har ya shanye. Ya sake cikawa ya miƙo mini, fuskarsa na duban wani wuri, ya ce, "Sha." Sai wata kunyar ta rufe ni wadda ta fi ta farko, don na gane saboda ni ya zubar da abin da ya yi rayuwarsa yana tsarewa.

Yau jikokina da gorar roba suke yawo, suna sha a kan babur, a tasha, a gaban surukai, ni ne ma ke bin su da faɗan su sha. Daidai ne, kuma ba na fatan a koma. Inda rugarmu take ya zama gonar wake, Baffa ya daɗe da rasuwa. Amma in na ga yaro ya ɗaga gora ko waiwaye babu, nakan yi kewar mutanen da kurɓin ruwa ke yi wa nauyi haka. Ban taɓa yi masa godiya ba. A wurinmu wannan ma kunya ce.