Kaskon Wutar Inna

Da daminar da na shiga aji uku, wata Juma'a da safe, bangon bayan gidanmu na Ketare ya zube bayan marka, ya haɗa da rumbun dawa da akurkin kaji. Ina tsaye da igiyar akuya a hannu na ji rugum! Baba ya zagaya ya duba gindin sauran ɗakunan, ya ce ruwa ya riga ya ci wurin, zama ya ƙare. Aka nuna masa fili biyu. Ɗaya a bakin hanya, jigawa ce mai kyau, ga gonarmu kusa. Ɗayan kuwa can gefen fadama, taɓo har idon sawu, sauro kuma ba a magana. Baba ya riga ya zaɓi na bakin hanya a ransa, amma Inna ta ce a dakata mata tukuna.

Washegari ta ɗauko wani fasasshen kasko ta miƙo mini. "Tafi gidan da ke kusa da filin hanya ka ɗebo mani wuta." Abin ya ɗaure mini kai, don ga murhunmu nan yana ci. Na tafi dai ina ƙunƙuni. Matar gidan ta zubo mini garwashi daga bakin ƙofa ba ta ko dubi fuskata ba, kafin in iso gida ya mutu, yatsana kuma ya yi bororo. Da gari ya sake wayewa Inna ta aike ni gefen fadama, gidan wata tsohuwa da ake kira Gwaggo Lami, mai zuwa coci ran Lahadi da gyalenta fari. Ita kam sai da ta zaunar da ni a kan turmi, ta tambaye ni ko ɗan wane ne ni, ta jajanta mana rushewar bango, ta ɗora mini ɗumame da man shanu. Sannan ta shimfiɗa toka a kaskon don kada ya ƙone ni, ta jera garwashin, ta rufe da wata tokar. Inna ta tona ta ga wuta ja wur, ta dubi Baba, magana ta ƙare. Ya yi ta mita har kaka, wai an mayar da shi maƙwabcin kwaɗi.

A gidan nan na girma. Mun yi langa a dandalin da ke tsakaninmu da su Gwaggo Lami, mun kori tsuntsaye daga gero tare da jikokinta, mun sha bulalar malamin lissafi a benci ɗaya saboda lattin da taɓo yake jawo mana. Ranar da Baba ya rasu, kwanon farko da ya shigo gidanmu nata ne. Inna ba ta taɓa yini ita kaɗai ba, ko da zazzaɓi ne sai wata ta leƙo ta katanga.

Da 'yan bindiga suka hana mutane noma, Inna ta koma Kankara wurin dangi, ni kuma aiki ya kai ni Abuja, na ce ta dawo wurina. Wayyo, neman gida a garin nan! Kusa da ofis ko ɗakin mai gadi ya fi ƙarfin albashina. Dillali ya kai ni wata unguwa can bayan gari, mutanenmu ne cike, mata na daka, yara na guje-guje, amma kwata a buɗe, ruwa sai na 'yan garuwa, kuma mota uku za ka hau kafin ka isa aiki. Ya sake kai ni wani gida mai katanga da mai gadi, famfo har ɗaki, shiru kamar an yi shara. Na tuna ciwon gwiwar Inna da irin fargabar da ta kwana a ciki, na matse cikina na kama shi.

Ba ta daɗe da zuwa ba na dawo aiki da yamma na same ta zaune a bakin ƙofa, murfin tukunya a cinyarta. Ashe ƙofar maƙwabtanmu ta je ta ƙwanƙwasa, ɗibar wuta. An yi mata magana ta taga, cikin ladabi kuwa, aka miƙo mata abin da aka zaci tana nema. Ta buɗe hannu ta nuna mini. "Ashana suka ba ni," ta ce. Raina ya ɓaci ƙwarai, na rasa wanda zan ba laifi.

Yanzu Inna tana da ruwa da lantarki, tana barci ba ƙarar bindiga. Amma daga fitata zuwa dawowata ba ta jin muryar kowa sai ta rediyo, kuma maganarta tana raguwa kullum. A da taɓo muke takawa mu shiga gidan mutane, yau bango ɗaya ya raba mu da waɗanda ba mu san sunansu ba. Ashanar tana nan a kan taga, ba ta ƙyasta ko tsinke ɗaya ba.